KIWON 'YAN KWIKWIYO A JALINGO: MAN KWALBA KO KIFIN KASUWA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Jalingo

Wanda ya bar Jalingo tun tana hedkwatar ƙasar Muri kawai, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Tun ran 27 ga watan Agusta 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola biyu, ta mai da garin babban birnin Jihar Taraba, gine-gine su ke ta cin daji, daga Magami zuwa Mayo Gwoi, daga Kofai har Mile Six. Gida kuwa in ya yi nisa da maƙwabta sai ya nemi kare, balle a 'yan shekarun nan da ɓarayi da masu satar mutane su ka hana mazauna bayan gari barci.

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar Muri. Maharba su na da nasu, Fulani makiyaya su na da nasu a ruga, manoman Mumuye da na Kona su na da nasu a bakin gona. Malamanmu ma sun daɗe da bayyana cewa an yarda a ajiye kare saboda farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron gona, kuma duk dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta su na wuyansa. Abin da ya ke sabo shi ne karnukan Turawa, su Alsashiyan da Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu, waɗanda a ke ɗauko 'ya'yansu cikin kwali daga Ikko ko Jos, kuɗin wani ma ya kai na ragon Layya. Tare da kwikwiyon kuma a kan haɗa mai saye da kwalba, ko ta man kifi, ko ta kafso mai ruwan zinariya, an rubuta omega-3 a jiki, wai in ba a ba shi ba ba zai girma ba, ba zai yi basira ba.

Dalilin kawo maganar a wannan shafi shi ne, da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke Ikko da Badun da Fatakwal aikin gadi su ke yi. Maigida ya sayo kwikwiyo mai tsada ya danƙa musu, in ya rame su ne da laifi, in ya mutu wani lokaci har aikin ya bi shi. Waɗansu kuma Allah ya buɗa musu sun yi gini a gida, sun aiko da kare ya tsare iyali, su na biye da shi da kuɗin kwalba wata-wata. Ya kamata duk su san abin da ke cikin kwalbar nan, da abin da ta ke yi, da kuma abin da ba ta iya yi.

Da farko dai, asalin maganar ba ƙarya ba ne. Har zuwa 1929 masana su na zaton maiƙo ba shi da wani aiki a jiki sai ba da ƙarfi, watau in an ƙara hatsi a na iya yin ban kwana da shi. A shekarar nan ne wani masani mai suna George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka, su ka ciyar da ɓeraye abincin da a ka cire wa maiƙo ƙaf. Ɓerayen su ka daina girma, fatarsu ta yi ɓawo, wutsiyarsu ta lalace, su ka riƙa mutuwa tun ba su tsufa ba. Da a ka riƙa ɗiga musu ɗan kitse cikin abinci sai su ka warke. A 1930 ma'auratan su ka nuna cewa wani sinadari ne a cikin mai, mai suna linoleyik, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa, tilas sai an ci. Daga baya, cikin shekarun 1940 da 1950, Arild Hansen da Hilda Wiese su ka gwada irin wannan a kan 'yan kwikwiyo, su ka ga gashi ya bushe ya yi kaushi, fata ta yi amosani ta na saɓulewa, ƙuraje su na kama su da sauƙi.

Duk wanda ya san karen ƙauye ya san wannan siffa. Abincinsa ƙanzo ne da gayan tuwo da dusa da a ka dama da ruwa, sai ko ƙashin da a ka riga a ka tsotse. Babban kare ya kan jure, domin ya na fita ya kama gafiya ko ƙadangare ya cike giɓi. Amma kwikwiyon da a ka ɗaure cikin gida mai katanga ba shi da wannan dama, abin da a ka zuba masa a kasko shi ke nan.

Sinadaran maiƙon da jiki ba ya iya yi iri biyu ne, kuma a nan ne masu talla su ke rikita mutane. Akwai dangin omega-6, wanda linoleyik ne babbansu. Aikinsa ya fi yawa a fata: shi ke toshe ta yadda ruwan jiki ba zai riƙa fita ba, shi ke sa gashi sheƙi. Wannan kam ba sai an je kantin magani ba, gama ƙasar Taraba cike ta ke da shi. A man gyaɗa ya kai wajen kashi 30 cikin 100, a man riɗi ya haura kashi 40, a man waken soya ya haura rabi. Manja ba shi da yawa, wajen kashi 10 ne, man kaɗanya bai ma kai haka ba, man shanu kuwa, duk da ƙamshinsa da darajarsa, kashi 2 ko 3 kawai gare shi. Saboda haka wanda ya ke ganin ya gama wa kwikwiyonsa gata don ya zuba masa man shanu, da ya sani da cokalin man gyaɗa ya fi masa amfani, ga shi kuma ya fi araha.

Na biyu shi ne dangin omega-3, kuma shi ne ainihin abin da a ke sayarwa a kwalba. A cikin danginsa akwai biyu da a ke taƙaita sunansu da haruffa, EPA da DHA. DHA ɗin nan da shi a ke gina ƙwaƙwalwa da kuma tantanin da ke can bayan ido mai karɓar haske. Man waken soya ya na da wani ɗan'uwansu, wajen kashi 7 cikin 100, wanda jiki kan juya ya koma DHA, amma jikin kare ba gwani ba ne wajen wannan juyi, kaɗan ƙwarai ya ke samu. Man gyaɗa kuwa kusan babu shi sam. Inda EPA da DHA su ke a shirye, ba sai an juya ba, shi ne jikin kifi, musamman kifin teku mai maiƙo.

An yi gwaje-gwaje biyu da su ka fi shahara a kan wannan. A 2005 masana a Jami'ar Texas A&M, cikinsu har da John Bauer, su ka buga sakamakon ciyar da karyoyi masu ciki abinci mai man kifi, tun daga ɗaukar ciki har shayarwa da yaye. Da a ka auna idanun 'ya'yan da na'ura, sai a ka ga sun fi amsa haske mai rauni a kan waɗanda iyayensu ba su samu ba. Ga mai neman karen da zai yi gadin dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2012 kuma Steven Zicker da abokan aikinsa su ka raba 'yan kwikwiyo 48 na irin Beagle kashi uku, su ka bi su tun su na mako 8 har mako 52. Waɗanda su ka sami abinci mai DHA da yawa sun fi saurin gane in an sauya musu darasi, sun fi bambance abu da ido, har ma jininsu ya fi nuna ƙarfin kariya a makonni biyun farko bayan allurar ciwon haukan kare.

Amma fa a lura da abu biyu. Zicker a lokacin ma'aikacin kamfanin Hill's ne mai yin abincin karnuka, kuma abincin da ya zo na ɗaya ba DHA kaɗai a ka ƙara masa ba, ya fi sauran bitamin E da waɗansu sinadarai. Saboda haka ba za a ɗora wa man kifi dukan yabon ba. A ganina dai hujjar ta isa a ba kwikwiyo kifi, amma ba ta isa a ce kwalba za ta mai da dolon kare mai wayo ba. Kare sai da horo, icce kuwa tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi.

To, nawa ne a ke bukata? Nan ne lissafi ya ke da daɗi. A 2006 Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka ta fid da ma'aunin abincin karnuka. A na auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da a ke kira kalori. Ta ce a cikin kowane kalori 1,000 na abincin kwikwiyo mai tasowa a sami maiƙo wajen giram 21, a cikinsa linoleyik giram 3.3, EPA da DHA a haɗe kuwa giram 0.13 kacal, watau miligiram 130. Kwikwiyo ɗan wata uku mai nauyin kilo 5 abin da ya ke ci a yini bai cika wuce kalori 1,000 ɗin nan ba. Yanzu a dubi kifin ƙanƙara da a ke kira titus, wanda ke zuwa Jalingo cikin kwali kamar yadda ya ke zuwa kowace kasuwa a Kudu. Giram 100 na tsokarsa ya na ɗauke da EPA da DHA fiye da giram 2. Ashe ke nan giram 10, watau yanki kamar babban yatsa, ya biya bukatar yini har da saura. Kifi ɗaya matsakaici, in da wurin ajiya, sai ya yi wa kwikwiyo fiye da mako biyu. Kifin gwangwani na sadin da kifin shawa su ma haka su ke da maiƙon. Kafso ɗaya na man kifi irin na mutane, mai giram 1, galibi ya na da miligiram 300, watau ya ninka bukatar yini fiye da sau biyu.

Mutumin Jalingo zai ce, ina kuma kifinmu? Ga Binuwai a Lau da Mayo Ranewo, ga banda a Tella a kan hanyar Wukari, ga Ibi inda a ke bikin kamun kifi na Nwonyo. Gaskiya tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba su kai titus omega-3 ba, gama kifin teku mai sanyi ya fi tara shi. Amma su na da nasu gwargwado, ga kuma furotin mai gina jiki, wanda shi ne ma abin da karen tuwo ya fi rashi. Wanda ke samun kifin kogi da araha sai ya ba da yanki babba, ya haɗa da dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako, gama gwaiduwa ma ta na da maiƙo mai amfani. Sharaɗi dai a dafa kifin, a tsince ƙaya sarai. Waɗansu irin kifi in ɗanye ne su na da wani sinadari mai lalata bitamin B1, kare ya yi ta ci har ya fara tangaɗi da farfaɗiya, wuta kuwa ta na kashe sinadarin. Kuma kada a ɗebo daga tukunyar miya. Albasa da tafarnuwa su na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko an dafa su, kuma ɗan ƙaramin jiki ba ya bukatar da yawa kafin ya galabaita.

Wanda ke da karya mai ciki, aikinsa ya fara tun kafin haihuwa. Cikin kare kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma ƙwaƙwalwa da ido su na ginuwa ne a ƙarshen ciki da makonnin farko na duniya, lokacin da ɗan bai san komai ba sai nono. Ya kan ninka nauyinsa na haihuwa cikin kwana 10, ya buɗe ido tsakanin kwana 10 da 14. Abin da uwa ta ci shi ke sauka cikin nononta, saboda haka kifin a bakin uwa za a sa, ba a bakin jariri ba. Ɗura wa jinjirin kwikwiyo mai da cokali ganganci ne, in ya shaƙe ya gangara huhu da wuya ya tashi.

Nonon karya ma abin mamaki ne. Maiƙonsa ya kai kashi 9 cikin 100, furotin fiye da kashi 7, alhali madarar saniya maiƙonta kashi 4 ne ko 5, furotin kashi 3 da ɗoriya, ga zaƙin madara ya fi na kare yawa. Shi ya sa kwikwiyon da a ka raba da uwa tun ya na mako uku, a ka ɗora shi bisa madarar shanu ko ta gwangwani da a ka tsinka da ruwa, sai zawo da rama. Masu sayar da 'yan kwikwiyo su na gaggawar rabuwa da su don kada su ci musu abinci. Mai saye ya dage sai ɗan ya kai mako 8 tare da uwarsa. Babu kwalbar da za ta maye wannan.

Yanzu sai haɗarin kwalbar kanta. Akwai bambanci tsakanin man jikin kifi da man hantar kifi, irin wanda iyaye su ka saba ba yara. Man hanta cike ya ke da bitamin A da D, waɗanda jiki ba ya zubarwa cikin fitsari, tara su ya ke yi. Cokalin shayi ɗaya na asalin man hanta ya ninka bukatar kwikwiyon nan mai kilo 5 fiye da sau uku, babban cokali kuwa ya haye iyakar bitamin D da masana su ka gindaya. In a ka daɗe a na yi, alli ya kan taru a ƙoda da jijiyoyin jini, ƙashi ya lalace. Abin tausayi, galibi don a gyara gwamen ƙafa a ke ba da shi, alhali gwamen kwikwiyon da ke cin tuwo da tsoka zalla daga rashin sinadarin ƙashi ya ke, watau kalsiyam, kuma likita ne ya kamata ya auna yadda za a ƙara, gama shi ma in ya yi yawa ɓarna ya ke yi wa manyan irin karnuka.

Ko man gyaɗa ma ba a sakin hannu. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, cokalin shayi ɗaya kalori 40 ne. A fara da rabin cokali cikin abinci, in ciki bai ɓaci ba a kai cokali ɗaya, ga kwikwiyo mai kilo 5 ɗin nan. Wanda ya juye wa kare ragowar man suya ko kitsen layya gaba ɗaya ya na iya jawo masa kumburin wani sashen kayan ciki da likitoci ke kira fankiriyas, ciwo ne mai amai da murɗa, ya na kisa. Su Alsashiyan da Boerboel kuma su na da tasu matsala: in a ka cusa musu abinci su ka yi girma da sauri, nauyi ya kan riga ƙashi ƙwari, ƙugu da gwiwa su lalace tun kare bai shekara ba. Maigida ya na murna karensa ya yi ɓulɓul, bai san gurgu ya ke kiwo ba. Haƙarƙarin kwikwiyo ya kamata hannu ya ji shi in an shafa, ko da ido bai gan shi ba.

Wanda kuma maigidansa ke sayen abincin buhu na 'yan kwikwiyo, ya duba rubutun jiki. Ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, wadda a ke kira AAFCO, tun 2016 ta sa EPA da DHA cikin sharuɗɗan abincin masu tasowa, tare da maiƙo aƙalla kashi 8.5 cikin 100. In buhun ya cika sharaɗin, ƙara masa kafso asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ajiya. Omega-3 ba ya shiri da zafi da iska da haske, ga shi kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Jalingo ya kan doshi digiri 40. Kwalbar da ta yi wata da watanni a kan kanta ta na shan rana, ko buhun da a ka bari a buɗe, man ciki ya riga ya lalace. A fasa kafso ɗaya a sansana, in ya na ɗoyi mai hawa kai a zubar. Haka kuma tunkuza da ƙuli-ƙuli da dusar masara, abinci ne mai kyau, amma in sun yi fumfuna su na ɗauke da dafi mai cin hanta, kare kuwa ya na cikin dabbobin da ba su jure shi ko kaɗan.

Saura babbar magana, wadda masu sayar da kwalba ba su cika faɗi ba. Kwikwiyon da ka gani da ƙaton tumbi da siraran ƙafafu da busasshen gashi, mafi yawan lokaci ba mai ya rasa ba, tsutsa ce ta cika masa hanji. Macijin ciki na kare ya na ratsa mahaifa ya shiga ɗa tun ba a haife shi ba, ya na kuma bin nono. Duk kifin da za ka ba shi, da baƙin ciki za ku raba. Ƙa'ida ita ce a fara maganin tsutsa tun ya na mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har ya kai wata uku. Gashin da ke zubewa fili-fili da susa ba dare ba rana, a nemi ƙazwa da ƙuma da kaska tukuna. Al'adar nan ta shafa wa kare baƙin man mota kuwa a bar ta, ƙona fata ya ke yi, kare ya lasa ya shiga ciki.

Sa'an nan ga ciwon fabo, mai amai da zawon jini, wanda ya bayyana a duniya a 1978, ya kan share ɗaki guda na 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Rigakafinsa allura ce tun daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. A wata uku kuma sai allurar ciwon haukan kare, wadda ita ba don karen kaɗai a ke yi ba, don yaran gida ne da maƙwabta, gama ciwon in ya bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, ta na cikin masu yin wannan allura a Nijeriya. Mai gadin da a ka danƙa wa kwikwiyo ya tambayi maigida katin allura tun ranar farko, ya ga kwanan wata da sa hannun likita, in babu ya faɗa masa a gaban shaida. Wanda ke aiko da kuɗi gida kuma ya gaya wa iyali su fara kai kwikwiyon asibitin dabbobi a auna nauyinsa a yi masa allura a ba shi maganin tsutsa, abin da ya rage a sayi ƙwai da kifi.